Barsalona ko Civitavecchia: Ina Ya Fi Ga Ma'aikacin Jirgin Ruwa?

Galibi ma'aikacin jirgin yawon buɗe ido ba ya samun hutun da ya wuce awa uku ko huɗu idan jirgi ya tsaya. Shi ya sa nisan tasha da gari ya fi kyan garin muhimmanci.

A Barsalona ta ƙasar Sifaniya, da ka sauka sai motar safa ta kai ka kusa da gunkin Kolumbus, bakin titin La Rambla. Kusa da nan unguwar Raval take, cike da shagunan 'yan Pakistan da Maroko. Ga naman halal, ga masallatai, ga wurin aika kuɗi gida. Wanda ya yi watanni yana cin abincin jirgi ya san daɗin wannan. Sai dai a riƙe waya da kyau, masu yankan aljihu sun yi yawa.

Civitavecchia ta ƙasar Italiya kuwa ana kiranta tashar birnin Rum, amma Rum na da nisan kusan awa ɗaya a jirgin ƙasa. Zuwa da dawowa sun cinye hutun, kuma jirgin ruwa ba ya jiran ma'aikaci. Ni dai Barsalona na zaɓa. Rum sai ranar da aka ba ni yini guda cur.