Che Guevara da Fidel Castro, wa ye wa?

Ɗan uwa ka tambaya wai mene bambancin Che Guevara da Fidel Castro tunda tare suka yi yaƙin juyin juya halin Kyuba, kuma me ya sa hoton Che ne a jikin riguna ko'ina amma na Fidel ba a cika gani ba. To bari in ɗan taɓa.

Da farko Che ba ɗan Kyuba ba ne ma, nan mutane da yawa suke yin tuntuɓe. Ɗan Ajantina ne, haihuwar Rosario 1928, likitanci ya karanta, ga asma tana damunsa tun yana yaro. Fidel kuwa ɗan ƙasa ne, haihuwar 1926, lauya, kafin su haɗu ma ya riga ya kai hari barikin Moncada a 1953 ya sha ɗauri. A Meziko suka haɗu 1955, Disamba 1956 suka shigo Kyuba da jirgin ruwan Granma su 82, sojojin Batista, shugaban Kyuba na lokacin, suka yi musu kaca-kaca, ƴan tsirarun da suka tsira suka haye tsaunin Sierra Maestra. Fidel ne oga, Che a matsayin likita aka ɗauke shi, sai ga shi ya zama kwamanda har ya ci garin Santa Clara ƙarshen 1958, ranar 1 ga Janairu 1959 Batista ya cika wandonsa da iska.

Bayan nasara ne kowa ya nuna halinsa. Fidel ɗan siyasa ne na bugawa a jarida, ya riƙe mulki har 2008 da ya sakar wa ƙaninsa Raúl kujerar shugaban ƙasa, ya rasu 2016 yana da shekara 90. Duk abin da za a faɗa na yaƙi da jahilci da asibiti kyauta da tura sojoji Angola a 1975, nasa ne, haka kuma jam'iyya ɗaya tilo da ɗaure ƴan adawa da mutum kusan 125,000 da suka fice ta tashar Mariel a 1980, shi ma nasa ne.

Che fa kujera ba ta karɓe shi ba. An ba shi gidan yarin La Cabaña a 1959 inda aka riƙa yi wa mutanen Batista shari'ar gaggawa ana harbewa, kuma gaskiya masu son sa ba sa son a tabo nan, alhali shi da bakinsa ya amsa a Majalisar Ɗinkin Duniya 1964 cewa eh suna harbi. Aka ba shi babban banki, a jikin takardar kuɗi “Che” kawai yake sa hannu, kai ka ce wasiƙa yake wa aboki. Sai ya ajiye komai ya tafi Kwango 1965 wajen ƴan tawayen su Laurent Kabila, wata bakwai ba a tsinana komai ba, ya wuce Bolibiya inda manoman da ya je ceto ko ɗaya bai shiga rundunarsa ba. Aka kama shi 8 ga Oktoba 1967, washegari aka harbe shi a wani ɗan ajin makaranta a ƙauyen La Higuera, aka yanke hannayensa don shaida, yana da shekara 39. Ni a ganina duk yaƙin da ya yi a wajen Kyuba babu Fidel a kusa, kashi ya sha.

Batun hoto kuwa, wancan mai hula da tauraro Alberto Korda ne ya ɗauka a Maris 1960 wajen wata jana'iza a Havana, bai bazu sosai ba sai bayan kisan Che. Shi Che bai tsufa an gan shi yana tafiya da kyar ba, bai kuma zauna ya amsa tambayar layin abinci da ƙarancin kaya na shekarun 1990 ba, Fidel ne ya zauna da wannan. Kuma Fidel ya bar wasiyya kada a yi masa gunki ko a sa wa titi sunansa, majalisar Kyuba ta mayar da ita doka wata ɗaya bayan rasuwarsa.