Rikicin gona a ƙauyukan Sin: sulhu ko kotu?

A ƙauyukan ƙasar Sin, gona mallakar jama'ar ƙauye ce, ana ba kowane gida ya noma na tsawon shekara 30. Idan maƙwabci ya ci iyaka ko ya tare hanyar ruwa, akwai hanya biyu daga cikin waɗanda ke gaban mai ƙorafi.

Ta farko ita ce kwamitin sulhu na ƙauye, wanda dokar sulhu ta 2010 ta ƙarfafa. Ba a biyan ko sisi. Mai sulhu yakan bi gida-gida, a zuba masa shayi, ya saurari kowa shi kaɗai, don kada dattijo ya amsa laifi a gaban 'ya'yansa. Wanda ya janye sai a ce ya yi ne don ganin girman mai sulhu, kowa ya tsira da mutuncinsa. Abin da ke damuna, marar gata ko matar da mijinta ya rasu takan haƙura da haƙƙinta saboda kunya.

Kotu kuwa takarda take bi, ta bayyana mai gaskiya a bainar jama'a, gaba ta daɗe tsakanin gidajen.

Na fi son sulhu, muddin ɓangarorin biyu za su kai yarjejeniyar da suka cimma gaban kotu cikin kwana 30 ta tabbatar da ita, kamar yadda dokar ta tanada.