Kayan talla kala huɗu na yi oda, sitika ce kawai ta dawo min da kuɗina

Salam jama'a. Yau wata biyar kenan da na karɓi kayan tallan da na buga wa sana'ata a wajen wani kamfanin ɗab'i, irin waɗanda za ki tura musu dizain ta intanet su buga su aiko miki har ƙofa, kuma da gangan na ƙi cewa uffan a satin farko don lokacin ɗoki ne ke ɗibata, komai na kalla kyau yake min. Yanzu kam ɗokin ya kwanta. Sunansu ba zan kama ba, ba su biya ni talla ba, kuma akwai inda zan ɗan taɓa su.

Ni sabulun ruwa da man shafawa nake haɗawa ina durawa a robobi. Abin da na yi oda: katin kasuwanci 200, filaya 1,000, bana guda ɗaya mai tsayawa da ƙafarta, sai sitika 500 ta mannawa a jikin roba.

Bari in fara da inda suka burge ni. Dizain ɗin da kaina na yi a manhajar zane ta Canva cikin waya, ina gamawa na ɗauki hoton fuskar wayar na tura musu ina jin ni ma na zama gwana. Ko awa ɗaya ba a yi ba wani yaronsu ya kira ni, ya ce "Hajiya, wannan da kika turo in muka buga shi sai kin ce mun cuce ki, zai fito dishi-dishi kamar an yayyafa masa ruwa." Ya min bayani cewa abin da za a buga a takarda ana son ɗigo 300 a kowane inci, hoton waya kuwa a ido ne kawai yake da kyau, da an faɗaɗa shi sai ya farfashe. Ya sa na koma na sauke shi a PDF na bugawa, na kuma bar rarar kala milimita 3 a kowane gefe saboda wuƙar yanka ba ta faɗawa daidai kan layi ɗari bisa ɗari, in babu rarar sai ki ga farin zare a bakin katin. Wallahi da wasu ne bugawa kawai za su yi su karɓe kuɗinsu, ke kuma ki ƙarata can.

Sai maganar kala, nan kuma laifina ne ban ɗora wa kowa ba. Ya ce min fuskar waya da haske take haɗa kala, ja da kore da shuɗi, wato RGB, injin bugawa kuma tawada huɗu yake cakuɗawa da ake ce wa CMYK, don haka ruwan hodar nan nawa mai ƙyalli ba lallai ya fito yadda nake ganinsa ba, in bari su fara buga min samfur ɗaya in gani. Na ce a'a Malam sauri nake, ku buga kawai. Da kayan suka iso na ɗora filaya ɗaya kusa da wayata, na wayar yana ta sheƙi na takardar kuma ya yi duhu kamar zanen da ya sha wanki. Sauri ya haifi nawa. Duk wadda aka ce za a nuna mata samfur don Allah ta jira kwana ɗayan nan.

Katin ya yi kyau gaskiya. Kauri 350 na zaɓa, shi kaurin takarda da nauyinta ake auna shi, giram nawa ne a murabba'in mita ɗaya, ita takardar ofis da muke hoto-kwafi da ita 80 ce, to kin ga 350 kuwa sai kin yi da gaske za ki lanƙwasa shi. Girmansa milimita 85 da 55, kusan daidai da katin banki, yana shiga walat ba gardama. Matsalar ita ce ledar da aka lulluɓe shi da ita ba ta karɓar biro sosai, ranan ina son rubuta wa wata farashin sari a baya sai tawadar ta goge a yatsana. Sannan kusan guda 30 yankansu ya karkace, logona ya jingina gefe ɗaya, na yi musu magana sun sake bugawa ba musu amma sai da na yi kwana huɗu ina bin su da saƙo, alhali kafin in biya kuɗi minti biyu ba sa yi sun amsa. Odar gaba ɗaya ma kwana 3 suka ce, sai a na 9 ta iso. Amfanin katin? Masu shago biyu da suke sarin kayana ta kati muka haɗu, to na gode Allah, amma mai sayen roba ɗaya ba ruwanta da kati, lambarki za ta sa a waya ta wuce. Da 50 na buga sun ishe ni shekara.

Filaya kuwa hmm. A5 ce, rabin takardar A4, mai santsi kauri 130, bugun ya fita tas ban da abu ɗaya da har yau yake min ciwo. Na rubuta "sabulu mai ƙamshi" da wani salon rubutu mai lanƙwasa da na ga ya yi kyau, ashe salon ba shi da ƙ mai ƙugiya, sai manhajar ta aro ta daga wani salon daban, ta fito siririya a tsaye ita kaɗai a tsakiyar kalma kamar baƙuwa a gidan biki. Ni ban lura a waya ba, su ma ba su lura ba ko kuma sun gani sun ɗauka ado ne. Masu rubuta talla da Hausa ku gwada ƙ da ɗ da ɓ a salon rubutun tun kafin ku ƙaunace shi, da yawa daga masu adon nan ba su da su. Kuma na cika ta da surutu, kayana goma sha ɗaya duk na jera, da tarihin yadda na fara, wa zai tsaya karanta wannan a kan hanya? Na ba ƙanena ya raba 300, da yamma na fito na ga wasu a ƙasa an tattaka, ɗaya wani yaro ya naɗe ta yana busawa. Tun daga ranar na ajiye littafi, duk sabuwar kwastoma sai na tambaye ta a ina kika ga lambata, na rubuta. Cikin wata biyar mutum 3 ne suka ce filaya.

Banar santimita 85 faɗi, tsawo mita 2, mai naɗewa cikin gindinta ta ƙarfe. Sau biyu na fita da ita baje koli. A cikin ɗaki ras take tsayawa, a fili kuma iska kaɗan sai ta kife, na wuni ina tallafe ta kamar mai goyon yaro mai ƙiriniya. Kuma wautar da na yi, lambar nan mai ɗigo-ɗigo ta QR da ake haskawa da kyamara ta kai mutum kai tsaye WhatsApp ɗina, a can ƙasa na sa ta daidai gwiwa, sai mutum ya tsuguna kafin ya haska, wa zai tsuguna miki a cikin taro? Wai ita lambar ma asalinta a 1994 kamfanin Denso Wave na Japan ya ƙirƙiro ta don bin sawun kayan gyaran mota, yau ga ta a banar mai sabulu. In ba kina yawan fita baje koli ba ne ko kina da shago mai ƙofa, ki bar bana tukuna.

To sai sitika, wadda na raina na kusa cirewa daga odar. Yaron kamfanin ya ce in yi ta roba mai hana ruwa tunda kayana a banɗaki da wajen wanke-wanke suke zama, ni kuma na ga ta takarda ta fi sauƙi, ƙarshe muka raba biyu, 250 takarda 250 roba. Na gwada da kaina, na manna kowacce a roba ɗaya na ajiye su gefen famfo. Kwana biyar ta takardar ta kumbura, gefenta ya tashi, lambar wayar ta narke ta zama tabon shuɗi, a robar man shafawa ma maiƙo ya ratsa ta ta koma kamar takardar da aka goge hannu da ita. Ta robar kuwa har sabulun ya ƙare na wanke robar na sake durawa tana nan daram ko gezau.

Kuma ita ce take kawo min mutane. A littafin nan nawa mutum 41 ne suka ce a jikin roba suka ga lambata, wata a gidan yayarta ta shiga wanke hannu ta ji ƙamshin ta juya robar ta kwafe lambar, wata a wajen aikinsu. Na zauna na yi tunani na ga ai dole, filaya daƙiƙa biyu take yi a hannun wanda bai san ni ba, sitika kuwa sati uku huɗu take yi a gaban wanda ya riga ya shinshina kayan da hancinsa, kuma ba abin da ke jikinta sai suna da lamba da abin da ke cikin robar. Mai gyaran waya ko mai ɗinki wataƙila nasa lissafin daban ne, ya duba inda idon kwastomansa yake daɗewa, ni dai nawa a bakin famfo yake.

Zan koma wajensu? Eh zan koma, saboda yaron nan da ya kira ni da kuma ingancin sitikar, amma wannan karon zan ƙara mako guda a kan duk ranar da suka faɗa min, kuma sai na ga samfur da idona. Jiya na tura sabuwar oda, sitikar roba zalla guda 1,000, na ƙara wa lambar waya girma na cire furannin da suka cinye wuri. Filaya 600 da suka rage suna nan cikin kwalinsu a ƙarƙashin gado, ina jefa ɗaya-ɗaya cikin ledar duk wadda ta sayi kaya, da ƙ ɗinta siririya da komai.