XPS ko farin soson kwali: da wanne za a yi gaɓar teku a teburin jiragen yaƙi?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko da XPS ko da farin soson kwali za ka ƙera gaɓa da tsibiran yaƙin Guadalcanal (a tsibiran Solomon, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu) don teburin wasan yaƙi da ƙananan samfurin jiragen ruwa. Ɗauki XPS. Wato soson nan mai tauri, shuɗi ko ruwan hoda, da ake sa wa gini don tare zafi. Farin soso mai ƙwaya-ƙwaya da ke zuwa cikin kwalin firji kyauta ne, kuma nan alherinsa ya tsaya. Da wuƙa ta taɓa shi sai ya riƙa zubar da ƙwaya, bakin gaɓar ya fito kamar ɓera ya gwaigwaye shi, ga ƙwayoyin su manne wa tufafi da ɗaki har mako. In ya zama dole, a cusa shi can ƙarƙashin babban tudu inda ido ba ya kaiwa.

XPS kuwa yana bin hannu. Yana yankuwa sumul da sabuwar reza, yana karɓar sanfefa, kuma in ka dunƙule takardar alminiyom ka danna a gefensa sai ya ba ka fuskar dutse ba tare da ka sassaƙa komai ba. Sai dai rezar ta zama sabuwa, ka ja ta sau uku ko huɗu a hankali maimakon ka danna sau ɗaya, domin dakusasshiya yaga take yi. Mai yanka da waya mai zafi ya yi a waje, hayaƙin ba na shaƙa ba ne.

Kafin ka sayi komai, zauna ka yi lissafin girma, don a nan aka fi tafka asara. Ɗauki tsibirin Savo, inda jiragen ruwan Japan ƙarƙashin kwamandansu Mikawa suka nutsar da manyan jiragen ruwa huɗu na Amurka da ƙawayenta a daren 9 ga Agusta 1942. Tsawonsa wajen kilomita 7 ne, ƙololuwarsa mita 485. Idan jiragenka na 1/2400 ne, wato an rage girmansu sau 2400, kuma ka ce tsibirin ma sai ya bi wannan ma'auni, zai kai kusan mita 3, alhali teburin da aka saba wasa a kai santimita 180 ne da 120. Saboda haka ƙasa tana bin ma'aunin nisan harbi na dokokin da kuke wasa da su. A ce santimita 1 na teburi mita 200 ne: Savo ya dawo santimita 35 a tsawo da 30 a faɗi, tsayinsa bai kai santimita 2 da rabi ba. A ido wannan ya yi kwance da yawa kusa da jirgin da shi kansa ya haura santimita 7, don haka a ninka tsayin. Falle biyu na XPS mai kaurin milimita 25 sun isa. Wanda zai yi mashigin Narvik na Norway, inda aka gwabza a Afrilun 1940, shi ne zai so falle uku, don can duwatsun a tsaye suke har bakin ruwa.

Gindi kuma MDF, wato allon katako na matsattsen gari, mai milimita 3. Zana gaɓar a kai, ka bar santimita 1 da rabi zuwa 2 a gaban inda soson zai tsaya; wannan bakin shi zai zama yashi da ruwa marar zurfi. Goge gefen da sanfefa har ya kwanta, in ba haka ba gaɓar za ta zauna kamar matakala a kan shimfiɗar da ke matsayin teku a teburin. Shafa wa katakon fenti ko gam a fuska biyu. Wanda ya shafa sama kaɗai, bayan kwana biyu zai tarar kusurwoyin sun ɗaga.

Gam fari na kafinta, irin Top Bond, shi za ka yi amfani da shi. Gam mai warin fetur, da supa gulu, da fentin fesawa na gwangwani duk suna narkar da soson, XPS ɗin da farin duka. Tsakanin falle biyu farin gam yana jinkirin bushewa don iska ba ta shiga, sai a shafa shi siriri, a soka tsinken sakace uku ko huɗu, a ɗora littattafai a bar shi ya kwana. Bayan ka sassaƙa tudun, kwaɓa POP da ruwa ka zuba gam cokali 1 a kowane cokali 4 na garin, ka shafe mahaɗar fallen da inda soso ya sadu da katako. Gam ɗin ne ke hana shi ɓarewa in an buge.

Kada ka zuba yashi a bakin gaɓa. A 1/2400, ƙwayar yashi mai milimita 1 dutse ne mai mita 2.4, ya fi mutum tsayi. Fenti ya wadatar: layin ruwan ƙasa mai haske, faɗin milimita 3 ko 4, sai shuɗi mai haske da ɗan kore, yana duhu yana duhu har ya haɗu da launin shimfiɗarka. Ka ajiye shimfiɗar kusa lokacin haɗa launin ƙarshe, kar ka dogara da tuni. Kumfar igiyar ruwa kuma farin fenti ne a busasshen burushi, a tsittsinke, ba a ja shi layi ɗaya. Banish mai ƙyalli a kan ruwan kaɗai. Dajin kuwa, garin katako da aka tace a rariya aka rina da kore kala biyu, a yayyafa a kan gam, in ya bushe a bi shi da gam kashi 1 cikin ruwa kashi 4.

Doguwar gaɓa a yi ta gunduwa-gunduwa, kowace santimita 60. Duk inda gunduwa ta ƙare, faɗin ƙasar ya zama santimita 10 kuma tsayin falle ɗaya, ta yadda kowace za ta haɗu da kowace.

Ka yi hattara da masu sayarwa. Akwai masu miƙo maka farin soson da aka matse, wani ma an rina shi shuɗi, su ce XPS ne, a farashin XPS. Ɓalli kusurwa a gabansa: in ka ga ƙwaya, ajiye masa abinsa. Wanda ya daɗe a rana har fuskarsa ta zama gari shi ma bar shi, haka MDF da bakinsa ya kumbura, ruwa ya sha. Masu tallan tsibiran da aka riga aka ƙera a intanet kuma, kar ka tura kuɗi sai sun aiko hoto da rula a gefe.