Bolum na taransifoma: sautin ya yi, amma sai da na kusa wurgi da shi

Wata uku ke nan da na haɗa akwatin nan, wato bolum na kayan sauti da ke rage murya ta hanyar taransifoma ba tare da cin wuta ba, kuma da gangan na ƙi rubuta komai a makonnin farko, don da a lokacin na rubuta to zagi zalla za ku karanta. Yanzu zuciya ta ɗan yi sanyi, ko da yake ina fara tuno abin sai na ji tana neman tashi.

Masu wannan harka sun san sunayen da ake ji, taransifoma TX-102 na kamfanin Stevens & Billington da na Sowter duk daga Ingila, sai otofoma, wato taransifoma mai naɗi ɗaya, na Dave Slagle a Amurka. Nawa ba ɗaya daga cikinsu ba ne, tun da wuri in faɗa kar a ɗora wa wanda bai ji ba bai gani ba. Wurin wani ƙaramin mai naɗawa na saya, taransifoma biyu, ɗaya na hagu ɗaya na dama, ƙarfen cikinsu mai nikel da yawa, kowanne da rassa 24 da suka fito daga naɗin fita, yawancin matakan tazarar 2 dB (desibel, ma'aunin ƙarfin sauti) tsakaninsu. Sai suwic mai juyawa mai mataki 24 da na saya daban. Ba zan kama sunan mai naɗawar ba, ya san kansa.

Abin da ya kai ni tun farko shi ne tsohon bolum ɗina mai rizista na 100k, wato om dubu ɗari. Da dare idan na rage murya ƙasa sosai sai sifikar hagu ta riga ta dama mutuwa, mawaƙi ya koma gefe guda kamar an ture shi daga kan dandamali, wannan kuma ciwon irin waɗancan bolum ɗin ne gaba ɗaya a ƙasan zagayensu, hagu da dama ba sa tafiya daidai. Ga kuma waya ta mita uku da ke tsakaninsa da amfilifaya. Bolum na 100k in ka kai shi inda ya raba sigina biyu, imfidans ɗin fitarsa, wato turjiyar da sigina ke fuskanta wajen fita, na kaiwa 25k, ko a 20 dB ƙasa kusan 9k ne, in ka haɗa da kafasitans na doguwar waya, wato yadda take riƙe caji, to tirebul, siririn sauti na sama, shi ke biyan kuɗin. Shi kuwa taransifoma ba ya ƙona sigina a cikin rizista, canja shi yake yi, ya rage boltej ya ƙara ƙarfin tura karan, kuma imfidans na sauka da ninkin rabon naɗi sau kansa. Wato a 20 dB ƙasa rabon 10 da 1 ne, DAC (na'urar da ke mayar da waƙar dijital sigina) mai om 100 sai amfilifaya ya gan shi kamar om 1, sai ɗan abin da tagullar naɗin ta ƙara. Kana rage murya yana ƙara samun ƙarfin tuƙa waya. Wannan lissafin ne ya ja ni, ba maganganun masu cewa sun ji numfashin mala'iku a cikin sifika ba.

To kaya suka iso. Takarda guda ɗaya ce a cikin kwalin, an buga ta da injin da tawadarsa ta kusa ƙarewa, sai wayoyi siri-siri kamar gashin masara suna fitowa daga gindin kowane gwangwani, kowace an manna mata 'yar takarda mai lamba. Waya 48 na rassa kaɗai, ban da na shiga da na ƙasa. Kwana biyu na yi a sunkuye ina like su da dalma a bayan suwic, ƙafafun suwic ɗin a matse suke har sai da na feƙe bakin ƙarfen dalmar, ina yi ina duba lamba sau biyu-biyu saboda na san halina. Na gama, na rufe, na kunna.

Gaskiya minti goman farko na yi murmushi ni kaɗai. Wani gunji da na shekara ina fama da shi duk lokacin da kwamfuta ke jone da DAC, na canja waya na canja soket na gaji na haƙura, kawai sai na neme shi na rasa. Dalili a fili yake, naɗin shiga da naɗin fita ba su taɓa juna, maganaɗisu ne kawai ke haɗa su, don haka zoben da wayar ƙasa ke yi tsakanin na'urori ya yanke. Wannan kuwa otofoma ba zai ba ka shi ba tunda shi naɗi ɗaya ne tak, kuma ni ban ma sayi taransifoman don wannan ba, tsintuwa ce.

Sai na zo daidai inda na saba sauraro. Mataki na tara, murya ta karkata dama. Na ƙara ɗaya, na goma, ta tsallaka hagu. Na sha ɗaya ta dawo tsakiya ta zauna daram. Wallahi na zaci kunnena ne, har na tashi na juya kujera, na musanya wayoyin sifika, na musanya na shiga, abin na nan. Ka ga abin haushi, ciwon da na gudo dominsa shi na tarar yana jirana, kuma cikin mataki 24 bai zaɓi ko'ina ba sai guda biyun da nake zama a kansu kullum.

Na rubuta wa mai kayan, cikin ladabi, na yi masa bayani dalla-dalla. Kwana huɗu shiru. Da amsa ta zo sai cewa ya yi wai sabon taransifoma sai ya yi awa 200 yana aiki kafin ya “buɗe”, in ƙara haƙuri. Jama'a, ku ji fa. Yawan naɗin waya a kan ƙarfe lamba ce, in an naɗa sau ɗari to ɗari ne yau ɗari ne baɗi, babu awa 200 da za ta sa reshe ya canja mazauni. Na sake rubutawa na ce masa haka, sai ya ce ai galibi masu haɗawa da kansu ne ke kuskuren like waya. Nan ne raina ya ɓaci sosai, don na fara zargin kaina, na buɗe akwatin na bi waya 48 ɗaya bayan ɗaya da fitila a baki, kowace lamba tana kan ƙafarta.

A nan kuma na tafka tawa wautar, in faɗi gaskiya. Na ɗauko mita na sa ta a ma'aunin om na shiga bin rassan ina auna su. Sai daga baya wani dattijo da ya girme ni a harkar ya ce min, kai yaro wa ya aike ka, mita a ma'aunin om karan ɗin DC, irin na batir, take turawa cikin naɗi, shi kuwa ƙarfe mai nikel da yawa ba ya son DC ko kaɗan, yana iya riƙe maganaɗisu ya ƙara gurɓata bes. Takardar nan mai dusasshiyar tawada ko kalma ɗaya ba ta ce a kan haka ba! Shi ya koya min gyaran, ka tura masa sauti na 20 Hz da ƙarfi, sifika a cire, sannan ka dinga rage shi sannu a hankali har ya mutu. Na yi sau uku don hankalina ya kwanta.

Shi ne kuma ya ce in auna yadda ya kamata. Na sa kwamfuta ta fitar da sauti na 400 Hz, tunda ƙananan mitoci da yawa ba sa karanta AC daidai in aka hau sama da haka, na daidaita shi a bolt 2, na zauna da biro da takarda. Kowane mataki na 2 dB ya kamata ya zama kusan kashi 79 cikin ɗari na wanda ke samansa, 2 sai 1.59 sai 1.26 sai 1, haka har ƙasa. Hagu ya sauka tsaf kamar tsani. Dama ma haka, har na iso wurin. A mataki na tara hagu ya nuna milibolt 63, dama ya nuna 80. A na goma hagu 80, dama 63. Shi ke nan, asiri ya tonu, 'yan takardun lamba guda biyu aka manna a musanye tun daga wurinsu, reshen 30 dB ya sa rigar na 28, na 28 ya sa rigar na 30. Na ɗauki hoton mita da takardar na tura wa mai kayan. Amsarsa layi ɗaya ce, wai ya ji daɗi na gano matsalar. Ko “yi haƙuri” babu.

Gyaran waya biyu ne kacal amma suna can ƙarƙashin 'yan uwansu, garin cirowa na ƙona rigar ta kusa da su sai da na sa mata bututun roba mai tsukewa da zafi. Har yau in na buɗe akwatin idona wurin yake fara zuwa.

Bayan gyara fa, to a nan bakina ya mutu. Da dare a mataki na huɗu ko na biyar, inda a da waƙa ke zama siririya kamar daga ɗakin maƙwabci take fitowa, yanzu ganga na da nauyinta, jita mai bes ana jin yatsa na barin tsirkiya, murya na tsakiya ba ta motsi. Ban ce ya mayar da sifikuna na wasu ba, kuma in an buɗe murya sosai bambancinsa da tsohon bolum bai kai yadda ake zuzutawa ba, ni dai a ƙasa-ƙasa na ji abin da na biya. DAC ɗina bolt 2 yake fitarwa kamar yawancin na'urorin CD, amfilifaya kuma bai buƙatar kaiwa haka kafin ya cika, shi ya sa reshen ƙarin 6 dB da ke jikin taransifoman ko taɓa shi ban yi ba.

Sai dai akwai wani abu kuma, da shi ma mai kayan bai ga dama ya faɗa ba. Na jona na'urar faifan garmaho tawa mai bawul, wadda fitarta ke da imfidans mai yawa, sai bes ya rame nan take. Naɗin shiga ai indakta ne, wato naɗin da turjiyarsa ke raguwa in sauti ya yi ƙasa, kana sauka ƙasa a sauti yana ƙara zama kaya mai nauyi ga abin da ke tura shi. Misali naɗi mai henri 20 (ma'aunin indakta ke nan), a 20 Hz kusan om 2,500 kawai yake nunawa, na'ura mai om 100 ko a jikinta, amma mai om 2,500 ta riga ta yi asarar 3 dB a wurin, ga gurɓata da ke ƙaruwa. Tun kafin in biya na gaya masa na'urorin da nake da su, ya ce duk za su tafi. Yanzu sai na gina wani ɗan mataki a tsakani mai rage imfidans, wato na koma sa wa akwatin da na saya don ba ya cin wuta wani abu mai cin wuta a gabansa.

Ku kuma kula da inda za ku ajiye shi. Ranar da na ɗora shi a kan amfilifaya gunji ya dawo, na juya akwatin gefe ya ragu, na ɗaga shi sama da hannu ya ɓace, maganaɗisun taransifoman wutar amfilifaya ne yake shaƙa duk da gwangwanin da ke jikinsa. Yanzu shiryayyensa daban. Tazarar 2 dB ɗin ma wani lokaci tana min faɗi, akwai faifan da tara ta yi masa kaɗan goma ta yi yawa, babu tsakiya, sai dai ka zaɓi ɗaya ka zauna. Rimot kuma babu, sai ka taso.

Zan sake sayen bolum na taransifoma? E, ba na jin zan koma wancan tsohon bolum ɗin. A wurin mutumin nan kuwa a'a, ko kyauta ya ba ni sai na auna kowane reshe kafin dalma ta taɓa shi. Jiya ma saƙonsa ya shigo, na zaci haƙurin ne ya iso a makare, ashe tambaya yake ko zan rubuta masa 'yan kalmomin yabo ya sa a shafinsa.