Kafin ka tura kuɗin albasar fure

A watan Oktoba na 2019, ƙungiyar manoman albasar fure ta ƙasar Holan, KAVB, da hukumar birnin Amsterdam suka fitar da sakamakon wani bincike mai ban kunya. An je kasuwar furannin nan da ke kan ruwa a tsakiyar birnin, aka sayi albasar tulif, wani furen ado da Holan ta shahara da shi, kamar yadda kowane baƙo ke saya, aka shuka. Cikin kowace ɗari, kusan ɗaya ce tak ta yi fure. A gidan tulif ke nan fa, inda mai saye ya ga kaya da idonsa, ya latsa da hannunsa. To ina ga wanda ke zaune a Kano ko Maraɗi, hoto kawai ya gani a Facebook?

Albasar fure rumbu ce. Duk abincin da furen zai ci kafin ya buɗe yana cikinta, a tulif ma furen kansa ya riga ya ƙullu a tsakiya tun kafin a sa ta a ƙasa. Ƙarama ganye za ta ba ka kawai, tsohuwa kuwa ko ganyen sai an yi sa'a. Abin da ya faru a Amsterdam ke nan: ana haƙe tulif a watan Yuni da Yuli, a shuka tsakanin Satumba da Disamba. Wadda ake tallatawa a watan Afrilu ragowar bara ce, ta bushe a kwali.

Hanya uku ce a gaban mai saye, kuma ba ɗaya suke ba.

Ta farko ita ce mai araha, wadda ta cika intanet. Guda hamsin a kuɗin guda biyar, kai wa har gida kyauta, ga hoto kamar aljannar duniya. Nan ake ganin tulif shuɗi kamar an tsoma a baba, da wardi mai launin bakan gizo. Babu tulif shuɗi na gaskiya, kwamfuta ce ta rina hoton. Wardi ma haka: kamfanin Suntory na Japan ya shafe shekaru yana neman shuɗi ta hanyar sauya ƙwayar halitta, wanda ya fitar kasuwa a 2009 kuma ruwan makuba-makuba ne. Shi kuwa mai launin bakan gizo farin wardi ne, ana tsaga karansa a tsoma kowane ɓangare cikin rini daban. Rini ba ya bin iri. Duk wanda ya ce yana sayar da irinsa, ka san da wa kake magana.

Wayon wannan kasuwa yana cikin lokaci. Kaya ya iso, ka ga ƙullin wani abu mai kama da albasa, ka danna cewa ya zo lafiya. Kafin ka gane ciyawa ka shuka, wata uku ya wuce, wa'adin mayar da kuɗi ya ƙare, shagon ma ya sauya suna. Yabon da ke ƙarƙashin tallar ma kada ya ruɗe ka. A 2020 mutane da dama a Amurka suka riƙa samun ƙullin iri daga Sin ba tare da sun yi oda ba, kuma hukumomi suka ce ga alama dabara ce ta masu shaguna don su rubuta wa kansu yabo da sunan waɗanda aka aika wa. A watan Satumban shekarar Amazon ta hana sayar da iri daga waje zuwa Amurka. Ni dai ban ga dalilin saye a nan ba, sai in kana son caca. Araha ba ta ado.

Ta biyu ita ce dillalan gaskiya na ƙasashen waje, galibi na Holan da Ingila. Ana gane su da abu ɗaya: suna rubuta lamba. Ana auna albasar fure da kewayenta a santimita, kamar yadda tela ke auna ƙugu. Tulif mai 12/+ ita ce babba, 11/12 (wato santimita 11 zuwa 12) madaidaiciya, 10/11 ƙarama amma tana fure. Amarilis, wata albasar fure mai manyan furanni, tana farawa daga wajen 26/28, kuma mai 34/36 kan ba da kara biyu ko uku. Giladiyolus, wadda furanninta ke jeruwa a dogon kara, mai 12/14 tana da kyau, mai 8/10 sai haƙuri. In talla ta ce "manya-manya" ko "zaɓaɓɓu" ba lamba, ka tambaya. In aka yi ta kewaye-kewaye, amsar ke nan. Dillalin kirki kuma yana faɗin cikakken sunan nau'in, da watan da zai aiko, don ba ya aikowa sai lokacinta.

Sai dai gaskiyar dillali ba ta sauya yanayin garinku. Asalin tulif duwatsun tsakiyar Asiya ne, ta Turkiyya ta shiga Turai, sunanta ma daga kalmar rawani ta Turkanci aka samo shi. Tana bukatar sanyi na ƙasa da digiri 9 har tsawon mako 12 zuwa 16 kafin ta yi fure. Hunturunmu sanyin dare ne da safiya, rana na ɗagawa ya tafi. Wasu kan sa ta a firji, nesa da tuffa da ayaba, domin iskar da 'ya'yan itace ke fitarwa tana kashe furen tun yana ciki. Yana yiwuwa, in kana da wutar da za ta yi wata uku ba ta ɗauke ba. Ko an dace, fure ɗaya ne, baɗi sai ka sake saya. Ga kuma takardu: shigo da shuka Najeriya yana bukatar izinin NAQS, hukumar killace kayan gona ta ƙasa, da takardar shaidar lafiyar shuka daga ƙasar da ta fito. Wanda ya ce zai cusa maka a ambulan a matsayin kyauta, kasadar taka ce.

Saboda haka in za ka yi oda daga waje, ka zaɓi abin da zafi bai dame shi ba. Amarilis 'yar Kudancin Amurka ce, tana zama a tukunya shekara da shekaru tana haihuwa. Tuberos, mai farin fure, ta Meziko ga ƙamshi da dare. Giladiyolus kuwa yawancin danginta 'yan Afirka ne.

Ta uku ita ce wadda aka fi rainawa: masu lambun furanni na bakin titi a Kaduna, Abuja, Kano, da uwa uba Jos. Ba su da nau'i ɗari, wani lokaci ba su ma san sunan abin da suke sayarwa ba, "ja" ne ko "fari". Amma kana ganin furen a buɗe kafin ka biya, shukar ta saba da ƙasarmu da ranarmu, kuma gobe mai lambun yana nan inda ka bar shi. A wajensu ake samun dangin albasar kwaɗi, wadda ke fitowa da kanta a fadama da farkon damina, furenta fari mai ratsin ja, ba ta neman firji. Ga mai farawa, nan nake ba da shawara ya fara.

Ko daga ina albasar fure ta zo, ka duba ta yadda uwargida ke duba albasar miya. Ta yi tauri, ta yi nauyi a hannu. Mara nauyi ta bushe a ciki, mai laushi ko warin tsami ta fara ruɓa. Ka juya gindinta, inda saiwa ke fita, don in can ya lalace ba abin da zai tsiro. Ɗan fumfuna a kan ɓawo ana gogewa. Ka ɗauki hoto ranar da ta iso, da tef ɗin awo a kewaye da ita, don shi ne hujjarka in za ka nemi kuɗinka. Amarilis ana barin kashi ɗaya cikin uku na kanta a waje, kuma ba a cika mata ruwa sai ta tsiro. Ka ajiye ta nesa da kicin da yara da awaki, domin kamar albasa take amma tana da guba.