Zauren taron da ba a raba ruwan leda a cikinsa

A watan da ya gabata ƙungiyarmu ta tsofaffin ɗalibai ta yi taronta na shekara a wani zaure da ke birnin Kano, kuma ni aka ɗora wa alhakin kama wuri da shirya abinci. Abin da ya ja ni zuwa wannan zaure shi ne sharaɗin da masu shi suka gindaya tun ranar da na je duba wurin, cewa ba a shiga da ruwan leda, ba a kuma zuba abinci a farar robar nan ta tekawe. Su ke kawo faranti da cokula da kofuna, su ke wankewa bayan an tashi. Na karɓi sharaɗin hannu bibbiyu, domin na daɗe ina takaicin tarkacen da muke bari duk lokacin da muka yi taro.

Mutum 200 muka gayyata, kuma a zafin Kano da wuya mutum ya wuni a taro bai sha leda uku ba. Ke nan leda 600, wato jaka 30 tunda kowace jaka leda 20 take ci, ban da robar abinci da cokulan roba da gorunan lemo. Duk wanda ya taɓa komawa wurin biki washegari da safe ya san makomar waɗannan kaya: iska ta kwashi wasu ta zuba a kwata, mai shara ya tara sauran ya banka musu wuta, hayaƙin ya bi gidajen maƙwabta. Idan damina ta sauka su ne ke toshe magudanan ruwa, kuma mahauta sun sha zaro dunƙulen leda daga tumbin akuya ko saniya. Jihar Legas ta haramta farar robar nan tun watan Janairun 2024, ƙasar Kenya kuwa ta hana jakar leda a 2017, saboda haka masu zauren ba wani baƙon abu suka ƙirƙiro ba.

Ruwan sha a manyan gorunan nan masu lita 19 suke kawo shi, waɗanda ake kifawa a kan na'urar sanyaya ruwa, kuma kowace gora ɗaya tana maye gurbin leda 38. Kusa da kowace na'ura akwai tire cike da kofunan silba, da wata babbar roba ta ajiye wanda aka sha. Tsabta ce ta fi damuna, don haka na zaga baya ba tare da na sanar da kowa ba. Na tarar da mata uku a gaban bahuna uku, na farko da ruwan zafi da sabulu, biyun na ɗauraya, an kuma kife kofunan a kan raga suna tsanewa a rana. A nan ne na lura cewa ruwan da ake alwala da shi an yi masa 'yar hanya ta siminti zuwa gindin itatuwan darbejiya da ke bakin katanga, kuma a inuwarsu aka shimfiɗa tabarmin salla.

Sai dai na'urorin huɗu ne kacal, kuma bayan cin abinci layi ya yi tsawo har na ga wani dattijo malaminmu tsaye da kofi yana jira. Wannan bai dace ba. Ya kamata a ware samari masu zagayawa da jug suna zuba wa manya a inda suke zaune.

Game da wuta, farantan sola da ke kan rufi sun ɗauki fankoki da fitilu da lasifika da majigi tun safe ba tare da ko ƙiftawa ba, kuma a karon farko na ji mai jawabi daga layin baya ba tare da rurin janareta ba. Manajan ya faɗa mini cewa batiran za su kai mu magariba, amma ana idar da la'asar suka yi sanyi, dole aka ta da janareta na kusan awa ɗaya. Kowace litar dizal da aka ƙona tana fitar da sama da kilo biyu da rabi na iskar da ke ɗumama duniya, don haka awa ɗaya ta fi wuni guda sauƙi nesa ba kusa ba, amma da na fi so a gaya mini gaskiya tun farko in tsara taron ya ƙare da wuri.

Abinci daga kuloli ake zubawa, gwargwadon abin da mutum ya ce zai iya ci, kuma wanda bai ƙoshi ba yana iya ƙarawa. Abin da ya rage a kula, wanda hannu bai taɓa ba, an kai shi wata tsangaya da ke bayan layin tun da zafinsa, na cikin faranti kuma wani mai kiwo ya zo ya kwashe. Wasu daga cikin matanmu sun yi ƙorafin rashin robar da za su tafi wa yara da abinci gida, kuma laifina ne da ban rubuta a saƙon gayyata cewa kowa ya zo da kwanonsa ba.

Kuɗin zauren ya ɗara na takwarorinsa, amma da na cire abin da muka saba kashewa a ruwan leda da robobi da masu shara, ratar ba ta taka kara ta karya ba. Na koma washegari da safe ɗaukar allon ƙungiya, kuma sharar taron gaba ɗaya ba ta cika buhu ɗaya ba. Na riga na kama mana wurin don taron baɗi, da sharaɗin a ƙara na'urorin ruwa biyu, mu kuma mu fara da ƙarfe tara mu tashi kafin la'asar.